Kafin A Shimfiɗa Kwalta, Wa Ya Kamata A Tambaya?

Wani ƙanena da ke karatu a Amurka ya taɓa turo mini hoton da ya ɗauka a birnin Pasadena na jihar Kalifoniya. Hoton wani makeken rami ne mai faɗi, an shimfiɗa kwalta a cikinsa, har da gadoji a samansa. Sai dai kwaltar ba ta kai ko'ina ba. Ta yi 'yar tafiya ta tsaya cak, gabanta ciyawa da tulin ƙasa. A ƙarƙashin hoton ya rubuta mini cewa: "Yaya, ga ƙasar da muke cewa ta fi kowa iya aiki. Kusan shekara hamsin ke nan sun kasa ƙarasa wannan hanya."

Da farko dariya na yi, na ce ashe ba mu kaɗai ke barin aiki rabi ba. Da na bi sawun labarin sai na tarar ba ɗan kwangila ne ya gudu da kuɗi ba. Doka ce ta fara tsayar da aikin, dokar da ta ce kafin hukuma ta yi babban aiki sai ta binciki abin da zai jawo wa mutane da muhallinsu, ta kuma saurari waɗanda abin zai shafa. Tun daga ranar nake juya tambaya guda a raina: shin wannan rami abin kunya ne ga mutanen Kalifoniya, ko kuwa shaida ce ta cewa talaka na iya ce wa gwamnati dakata, ta kuma dakata? Tambayar ta dame ni saboda hanya ta taɓa cin gonarmu, hanyar kuma ta taɓa ceton ran 'yar uwata. Zan zo kan wannan.

Ga yadda abin ya faru a taƙaice. Babbar hanya mai lamba 710 ta taso daga wajen tashar jiragen ruwa ta Long Beach ta nufi arewa, manyan motocin dakon kaya na bin ta dare da rana. Tsarin asali shi ne ta zarce har Pasadena ta haɗu da wasu manyan hanyoyi. Amma ta tsaya a bakin garin Alhambra, aka bar giɓin kimanin kilomita 7. A cikin wannan giɓi akwai unguwar El Sereno ta birnin Los Anjelis, wadda mafi yawan mazaunanta 'yan asalin Latin Amurka ne, da ƙaramin birnin Pasadena ta Kudu mai tsofaffin gidaje da manyan itatuwa. Hukumar sufuri ta jihar, Caltrans, ta riga ta sayi gidaje fiye da 400 a kan layin don ta rushe su. Ta ɓangaren Pasadena kuwa an riga an rushe unguwanni, an tashi dubban mutane, da yawansu baƙar fata da masu ƙaramin ƙarfi, aka haƙa ramin nan da ƙanena ya ɗauka.

Ana cikin haka sai shekarar 1970 ta zo da dokoki biyu. A ranar farko ta shekarar Shugaba Nixon ya sa hannu a dokar muhalli ta tarayya. A cikin shekarar kuma gwamnan Kalifoniya na lokacin, Ronald Reagan, ya sa hannu a ta jiharsa, wadda ake taƙaita sunanta da CEQA. Da waɗannan dokoki mutanen Pasadena ta Kudu suka je kotu, a 1973 alƙali ya tsayar da aikin har sai an yi binciken da doka ta nema. Aka yi ta rubuta rahoto ana sake rubutawa. A 1998 gwamnatin tarayya ta amince da hanyar, a 1999 wani alƙalin ya sake tsayar da ita. Daga baya aka koma tunanin a bi ta ƙarƙashin ƙasa. A 2015 aka fitar da sabon rahoto mai zaɓi biyar: a haƙa hanyar ƙarƙashin ƙasa, a yi layin ƙaramin jirgin ƙasa, a yi layin bas na musamman, a gyara titunan da ake da su, ko a bar komai yadda yake. A 2017 hukumar sufuri ta gundumar Los Anjelis ta janye daga batun ramin ƙarƙashin ƙasa, wanda kuɗinsa ya kai biliyoyin daloli. A 2019 Gwamna Newsom ya sa hannu a dokokin da suka cire giɓin daga tsarin manyan hanyoyin jihar, a 2022 kuma aka mayar wa birnin Pasadena da filin ramin.

Abin da ya fi ba ni mamaki da na karanta yadda dokar take shi ne, ba ta hana gina hanya ba. Abin da ta ɗora wa hukuma shi ne ta rubuta illar da aikin zai yi wa iska, ruwa, dabbobi, itatuwa, gine-ginen tarihi da kunnuwan maƙwabta. Ta kawo wasu hanyoyin da za a iya bi a cim ma buƙatar, ciki har da zaɓin kada a yi aikin gaba ɗaya. Ta rage illar duk inda ragewa ke yiwuwa. Ta ajiye rahoton a bainar jama'a na wasu makonni kowa ya faɗi ra'ayinsa, sannan ta amsa ƙorafe-ƙorafen da suka shafi muhalli a rubuce. Bayan duk wannan, in ta ga amfanin aikin ya rinjayi illarsa, tana da ikon ci gaba, da sharaɗin ta rubuta ƙarara cewa ta san za a cutu ta nan da nan, ga kuma dalilinta na zaɓar hakan.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne zuciyar maganar a wurina. Ya toshe wa mai mulki ƙofar da ya fi son bi, wato ƙofar "ban sani ba". Mutum biyu na iya rushe gida ɗaya, amma wanda ya ce "na ga gidanka, na san 'ya'yanka a nan aka haife su, na auna, na zaɓi in rushe, ga dalilina" ya ɗauki nauyin abin da ya yi, kuma ana iya kama shi da maganarsa gobe. Wanda ya zana layi a kan taswira daga ofis bai ma yarda akwai mutum a wurin ba.

Ina ɗan shekara goma sha biyu hanya ta ratsa gonar mahaifina. Ba wanda ya zo ƙofar gidanmu. Wata safiya muka je gona muka tarar da turaku masu jan fenti a jere, sun raba ta biyu, gawo uku da kakanmu ya bari duk suna cikin layin. Mahaifina ya tsaya ya daɗe yana kallon turakun, ya juya ya kama nomansa. Daga baya an ba shi wani abu da aka kira diyya. Amma abin da ya fi cin garinmu ba gonar ba ce. Masu aikin sun ɗaga hanyar sama, suka sa kwalbati a inda takardarsu ta nuna, ba a inda ruwa ke bi ba. Duk tsohuwar da ke garin ta san ta inda ƙorama ke saukowa in damina ta yi nisa, amma ba a tambayi kowa ba. Shekarar farko ruwa ya taru a bayan hanyar, ya ci katangun gidaje da dama a unguwar gabas. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Saboda haka in aka ce mini sauraron jama'a ɓata lokaci ne, sai in tuna kwalbatin nan. Sauraro girmama mutane ne, kuma hanya ce ta samun ilimin da injiniya ba ya da shi.

Akwai wani dalili da ya sa nake ganin dokar irin wannan ta dace. Amfanin babbar hanya yakan bazu a kan mutane masu ɗimbin yawa, kowa ya sami kaɗan: wannan ya rage minti goma a tafiyarsa, wancan kayansa sun iso da wuri. Illarta kuwa takan taru a kan mutane ƙalilan, kowannensu ya rasa kusan komai. In aka ce a ƙirga kawuna, masu minti goma za su yi rinjaye kullum. To amma minti goma na mutum dubu ɗari da gidan mutum ɗaya ba abu iri ɗaya ba ne da za a zuba a mudu ɗaya. Wanda aka tasa ya rasa maƙwabcin da yake bar wa 'ya'yansa in zai fita, ya rasa mai shagon da ke ba shi bashi, ya rasa inuwar da tsohonsa ke zama. Ba a biyan diyyar waɗannan. Ga kuma waɗanda ba sa iya zuwa taro ko kaɗan: yaron da za a haifa a gefen hanyar ya shaƙi hayaƙin manyan motoci, da itacen da ya shekara ɗari yana girma. Hanyar da ba a gina bana ba ana iya gina ta baɗi. Unguwar da aka rushe ba ta dawowa. Inda kuskure ba ya gyaruwa, jinkiri yana da hujja.

Da a nan na tsaya, da na yi wa kaina ƙarya. Shekara shida bayan an gama hanyar garinmu, naƙuda ta zo wa yayata da gardama cikin dare. Kafin zuwan kwalta, amalanke ake ɗora mace a bi yashi da ita, kuma mun san waɗanda ba su kai ba. A daren nan mota ta kai ta asibiti cikin ƙasa da awa ɗaya, aka yi mata aiki, ita da yaron suka rayu. Yaron yanzu ya zama saurayi. Da a ce mutanen garinmu na da doka da lauyoyin da za su riƙe wannan hanya shekara goma saboda gawon kakanmu, wa zai amsa mini tambayar ran yayata? Jinkiri ma yana da waɗanda yake kashewa, sai dai ba a ganinsu, domin ba wanda ke ɗaukar hoton motar da ba ta zo ba.

Haka abin yake a Kalifoniya. Mutanen Alhambra sun shekara da shekaru suna kukan cewa motocin da hanya ta zubar a ƙofarsu suna cika musu tituna, su ne ke shan hayaƙin da maƙwabtansu suka ƙi. Su ma mutane ne, su ma suna da huhu. Gidajen nan da hukuma ta saya kuwa sun zauna tsakanin sama da ƙasa: ba a rushe su ba, ba a sayar ba. Wasu an ba da hayarsu, wasu aka rufe su da katako suna lalacewa, a jihar da mutane ke kwana a kan titi. A watan Maris na 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka ce kowa ya zauna a gida, wasu iyalai marasa muhalli suka shiga wasu daga cikin gidajen da ke El Sereno suka zauna. Ka duba wannan al'amari: an kori mutane don a yi hanya, ba a yi hanyar ba, gidajen suka zama kufai, har wasu talakawan suka karya doka kafin su sami wurin kwana a cikinsu. Sannu ba ta hana zuwa, in ji Hausawa, amma ba su tsaya nan ba, sun ƙara da cewa sai dai a daɗe ba a je ba. Wanda ya tsufa yana jira ya san nauyin wannan ƙarin.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ɗaci. Ƙofar da dokar ta buɗe, a takarda ta kowa ce. A zahiri mai shiga shi ne wanda ke da lokacin karanta rahoto mai dubban shafuka, da kuɗin ɗaukar lauya, da harshen da alƙali ke ji. Unguwar Boyle Heights ta gabashin Los Anjelis, ta ma'aikata da baƙin haure, an yayyanka ta da manyan hanyoyi tun kafin a yi dokar, mutanenta sun yi kuka ba a ji ba. Pasadena ta Kudu, wadda ke da majalisar birni tata da asusunta da masu ilimi, ta yi shekaru tana shari'a har ta yi nasara. Ban ce ba su da gaskiya ba. Amma in kariya ta zama sai mai hali ke iya amfani da ita, abin da ba a so ba ya ɓacewa, yakan gangara ne zuwa unguwar da ba ta da murya, kamar yadda ruwan kwalbatinmu ya gangara unguwar gabas. Su kansu mutanen Kalifoniya sun daɗe suna ƙorafin cewa ana fakewa da wannan doka a hana gina gidajen zama a cikin birane, har a 2025 majalisar jihar ta cire yawancin irin waɗannan gine-gine daga ƙarƙashinta.

To ina mafita? Wani labari daga wannan yanki ya taimake ni. A 1972 mazauna kudancin Los Anjelis tare da ƙungiyoyin kare muhalli da na kare haƙƙin baƙar fata sun kai ƙara kan wata babbar hanyar, mai lamba 105. Alƙali Harry Pregerson ya tsayar da aikin. Wani abin sha'awa, ɗansa Dean Pregerson ne alƙalin da ya tsayar da hanya ta 710 a 1999. Amma a shari'ar uban an kai ga sulhu a 1979. Aka rage faɗin hanyar, aka tanadi layin jirgin ƙasa a tsakiyarta, aka wajabta samar da dubban gidaje a madadin waɗanda aka rushe, aka kuma buɗe wa mata da 'yan tsiraru ƙofar samun aiki a ginin. An buɗe hanyar a 1993, jirgin ya fara aiki a 1995. An daɗe, an kashe kuɗi mai yawa, kuma unguwannin da aka riga aka tasa sun sha wuya a shekarun jira. Duk da haka hanyar da aka samu a ƙarshe ta fi wadda aka zana da farko adalci. A nan dokar ta yi aikin da nake ganin shi ne nata: ta tilasta wa masu cin amfanin hanya su ɗauki wani kaso na asarar waɗanda hanyar ta taka.

Wani darasi kuma yana cikin ma'aunin da ake awo da shi. Shekaru da dama, in ana binciken illar wani aiki ga zirga-zirga a Kalifoniya, abin da ake dubawa shi ne ko motoci za su ƙara jinkiri a mahaɗar tituna. Da wannan ma'auni, maganin kowace matsala shi ne a faɗaɗa titi. Amma an lura cewa in aka faɗaɗa hanya a babban birni, mutane sukan ƙara hawa mota har ta sake cika. A 2013 jihar ta yi dokar da ta sauya ma'aunin, daga 2020 kuma ya zama tilas a duk faɗin jihar: yanzu ana tambayar yawan tafiyar da aikin zai ƙara wa motoci. Da tsohon mudu sabuwar hanya magani ce, da sabon mudu tana iya zama ita ce cutar. Wannan ya nuna mini cewa rahoton masana, duk kaurinsa, ba ya yanke wa mutane hukuncin abin da ya fi daraja. Wani ne ya zaɓi abin da za a auna tun kafin a fara awon, kuma wannan zaɓi na al'umma ne, ba na injiniya kaɗai ba.

Matsayata ke nan bayan dogon tunani. Tambayar mutane kafin a taɓa muhallinsu bashi ne a kan hukuma, ba alfarma ba. Amma bashin yana da sharuɗɗa. Dole tambayar ta zo kafin a yanke shawara, lokacin da amsar za ta iya karkatar da layin ko ta matsar da kwalbati. Ƙasashenmu ma suna da irin waɗannan dokoki, Najeriya tun 1992, Nijar kuma ta sabunta tata a 2018, sai dai duk inda aka rubuta rahoto bayan an riga an kafa turaku, an yi fafe gora ne ranar tafiya, kuma an ƙara wa zalunci rainin hankali. Dole kuma hukuma ta tashi ta je inda marasa murya suke, da harshensu, a lokacin da suka dawo daga neman abinci, kada ta zauna tana jiran wanda ya iya rubuta takarda. Sannan dole sauraron ya kasance yana da ƙarshe. Haƙƙin a ji ka daban yake da haƙƙin ka hana kowa motsi har abada. A ji kowa, a auna, a yanke, wanda ya yanke ya sa hannu da sunansa, wanda aka cuta a biya shi biyan da zai iya sake kafa rayuwa da shi.

Da wannan ma'auni, ramin Pasadena yana ɗauke da abubuwa biyu. Gidajen da ke tsaye har yau a El Sereno da Pasadena ta Kudu, da itatuwansu, sun tsira ne saboda doka ta ba mazaunansu damar cewa a dakata, kuma ina ganin ƙarshen da aka kai ya fi rushe su alheri. Amma ɗaukar kusan rabin ƙarni kafin a furta wannan ƙarshe gazawa ce, kuma waɗanda suka biya kuɗinta ba su ne suka ci shari'ar ba: mutanen da aka tasa don ramin da ba a yi amfani da shi ba, 'yan hayar da suka tsufa cikin rashin tabbas, da masu shan hayaƙi a Alhambra.

Shekaru bayan haihuwar ɗan yayata na tambayi mahaifina, Allah ya jiƙansa, ko har yanzu yana jin zafin gonar nan. Muna zaune a ƙofar gida, motoci na wucewa ta inda gawon suke a da. Ya ce: "Da sun zo sun tambaye ni, da na ba su. Hanya ai ta kowa ce. Da kuma na nuna musu inda ruwa ke bi." Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce in miƙo masa butarsa.